Dutsen Sama da Kwanar Mutuwa: Yadda Lissafi ke Rage Haɗari

Da misalin ƙarfe 9:20 na safiyar Juma'a, 15 ga Fabrairun 2013, mutanen birnin Chelyabinsk na ƙasar Rasha suna ta haramar fita aiki cikin tsananin sanyi, sai wani haske ya keto sama, ya dusashe hasken rana. Ɗalibai a aji da ma'aikata a ofis duk suka ruga bakin taga suna kallon farin hayaƙin da ya ja layi a samaniya. Aka yi kusan minti biyu shiru kake ji. Daga nan ƙarar ta iso, ta tarwatsa gilasai a fuskokin masu kallo. Mutum kusan 1,500 suka nemi magani, yawancinsu gilashi ne ya yanke su, gine-gine fiye da 7,000 suka taɓu. Dutse ne mai faɗin kimanin mita 20, ya shigo da gudun kilomita 19 a daƙiƙa ɗaya, ya fashe a sama tun da sauran kusan kilomita 30 ya taɓa ƙasa, da ƙarfin da ya ninka na bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. Ta ɓangaren rana ya ɓullo, shi ya sa babu madubin hangen nesan da ya gan shi. Cikin ikon Allah babu wanda ya rasa ransa.

Yawancin hotunan da duniya ta gani na wannan safiya daga cikin motoci aka ɗauke su. Direbobin Rasha suna maƙala ƙaramar kamara a gilashin gaba saboda yawan haɗari da gardamar wa ke da laifi a gaban 'yan sanda da kamfanonin inshora. Da waɗannan hotuna masana suka auna hanyar da dutsen ya biyo. A shekarar nan ta 2013 mutum kusan 27,000 suka mutu a titunan Rasha, wato sama da 70 kowace rana. Ranar da dutsen ya fashe bai kashe kowa ba, titi kuwa ya ci rabonsa kamar kullum, ba a ma ji labarinsa ba.

Kowa zai ce ina alaƙar dutsen sama da haɗarin mota. Ɗaya sai a shekara dubbai bai zo ba, in ya zo kuma yana iya shafe gari guda. Ɗayan kullum yana nan, yana ɗauka ɗaiɗai da bibbiyu. Amma abin da ke kisa a cikinsu ɗaya ne: abu mai nauyi yana gudu, ya tsaya farat ɗaya, ƙarfin da ya ɗauko ya juye a kan abin da ya tarar. Lissafinsa ma ɗaya ne. In nauyi ya ninka biyu, ƙarfin bugu ya ninka biyu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ya ninka huɗu. Shi ya sa dutsen da bai wuce girman bene mai hawa shida ba ya yi aikin bama-bamai 30, shi ya sa kuma tazarar da ke tsakanin gudun kilomita 100 da 140 a awa ta fi yadda direba yake ji a ƙafarsa. A ganina babban darasin da ke cikin fannonin biyu shi ne inda masana suka fara: sun fara da ƙirga, tun kafin su kai ga magani.

Duwatsun nan ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne, suna zagaya rana kamar yadda muke zagayawa. Yawancinsu suna can tsakanin duniyar Mars da Jupita, amma wasu hanyarsu tana gittawa kusa da tamu. Ƙanana suna faɗowa kullum, iska ta ƙone su, mu ce tauraro ya faɗi. Wani lokaci ragowa takan kai ƙasa. A watan Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a lardin Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi. Bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne, kuma har yau sunan Zagami yana cikin littattafan masana duwatsun sama. Irin wannan abin mamaki ne kawai. Abin tsoro yana farawa daga masu girma. A ranar 30 ga Yunin 1908 wani ya fashe a saman dajin Tunguska a Saiberiya, ya kwantar da itatuwa kimanin miliyan 80 a fili mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 2,000. Mai faɗin mita 140 yakan zo kamar sau ɗaya a shekara 20,000, kuma yana iya gamawa da babban birni da kewayensa. Mai kilomita 10 da ya faɗa yankin Yukatan na Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, shi masana ke dangantawa da ƙarewar manyan dabbobin nan da ake kira dainoso.

Abin da ya farkar da gwamnatoci ya faru a Yulin 1994, lokacin da aka zuba ido ana kallo gutsattsarin wata tauraruwa mai wutsiya suka yi ta afka wa Jupita, suna barin tabo mai girman duniyarmu. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta ɗora wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, aikin gano kashi 90 cikin 100 na duwatsun da suka kai kilomita ɗaya masu gittawa kusa da mu. An cika wannan, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗanda aka gano da ke kan hanyar bugunmu a ƙarnin nan. A 2005 aka sauko da ma'aunin zuwa mita 140. Nan aiki ya yi nauyi: ana kiyasin sun kai 25,000, kuma har yanzu ba a gano rabinsu ba.

Yadda ake farautarsu babu sihiri a ciki. Madubin hangen nesa yakan ɗauki hoton yanki guda na sama sau uku ko huɗu, da tazarar 'yan mintoci. Taurari suna nan inda suke. Duk ɗigon da ya gusa, kwamfuta ta yi masa alama. A aika bayanin zuwa wata cibiya da ke jihar Massachusetts, masu madubai a wasu ƙasashe su bi sawu, a lissafa hanyarsa shekaru da yawa gaba. Karon farko da aka hango dutse kafin ya iso shi ne 6 ga Oktoban 2008, daga wani tsauni a Arizona. Ƙarami ne, mita huɗu. Lissafi ya ce zai shigo ta saman arewacin Sudan da asubahin washegari, haka kuwa aka yi. Bayan wata biyu Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartoum da Peter Jenniskens suka jera ɗalibai sahu-sahu a hamadar Nubiya suna taka rairayi, suka tsinto gutsattsarinsa kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida. Sunan tashar aka sa wa dutsen, Almahata Sitta.

Wanda ya fi tayar da hankali a baya-bayan nan shi ne 2024 YR4, da aka gano a ƙarshen Disambar 2024 daga ƙasar Chile. Faɗinsa kimanin mita 60. Da farko aka ce yiwuwar ya bugi duniya ranar 22 ga Disambar 2032 ta ɗan haura kashi ɗaya cikin ɗari, sai ta koma biyu, ranar 18 ga Fabrairun 2025 ta kai 3.1. Layin wuraren da zai iya faɗawa ya ratsa Kudancin Amurka, Tekun Atlantika, Afirka har da Najeriya da Sudan, ya wuce Indiya. Kwana kaɗan bayan haka lambar ta rufto kusan sifili. Mutane da yawa sun ɗauka masanan ne ba su san abin da suke yi ba. Ga yadda abin yake. Akuya ta ɓata a unguwa mai gida ɗari, gidanka ɗaya ne daga ciki: yiwuwar tana gidanka ɗaya cikin ɗari ce. Aka bincika gida saba'in ba a gan ta ba, saura talatin, yanzu yiwuwar ta haura uku cikin ɗari, alhali akuyar ba ta matso kusa da kai ko taku ɗaya ba. Sai aka ga sawunta ya nufi bayan masallaci, gidanka ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Kowane sabon hoto yana tsuke yankin da dutsen zai iya bi. Muddin duniya tana cikin yankin, kasonta yana ƙaruwa, ranar da ta fita kuma shi ke nan. Haka aka yi da wani dutse mai suna Apophis a 2004, mai faɗin kimanin mita 340. Yanzu an san zai wuce lafiya ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029, kilomita 32,000 kacal daga doron ƙasa, kuma mutanen Afirka suna cikin waɗanda za su iya ganinsa da ido.

To in an gano wanda ya nufo mu fa? Ba a bukatar farfasa shi. Duniya tana gudun kilomita 30 a daƙiƙa a kan hanyarta, cikin minti bakwai takan matsa da tsawon faɗinta gaba ɗaya. Karo ba ya yiwuwa sai su biyun sun iso mahaɗa lokaci guda. In ka sa dutsen ya makara ko ya yi sammako da 'yan mintoci, sun saɓa. Canjin gudu na santimita ɗaya a daƙiƙa, in aka bar shi shekara goma, ya tara fiye da kilomita 3,000.

An gwada wannan. A Nuwamban 2021 NASA ta harba kumbon DART, mai nauyin kusan kilo 600, zuwa wasu duwatsu biyu da ba sa barazana ga kowa: Didymos mai mita 780, da ƙaramin da ke zagaya shi, Dimorphos, mai kimanin mita 160. An zaɓe su ne don ana iya auna zagayen ƙaramin daga nan ƙasa, ta yadda hasken ke raguwa duk lokacin da ɗaya ya gitta gaban ɗaya. Ranar 26 ga Satumban 2022, a nisan kilomita miliyan 11, kumbon ya tuƙa kansa a sa'o'in ƙarshe ya afka wa Dimorphos da gudun kilomita 6 a daƙiƙa. Kafin bugun, zagaye ɗaya yana ɗaukar awa 11 da minti 55. An ce ko daƙiƙa 73 aka rage an ci nasara. Sai ga shi an rage minti 32. Dalili shi ne tarin tsakuwa da ƙurar da bugun ya watsar, fiye da kilo miliyan ɗaya, sun tunkuɗa dutsen kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗar maharbi. Duk da haka canjin gudun dutsen bai kai milimita uku a daƙiƙa ba, tururuwa ta fi shi sauri. A Oktoban 2024 hukumar sararin samaniya ta Turai ta tura kumbon Hera ya je ya duba ramin da aka bari ya auna nauyin dutsen, domin ba kowane dutse ne dunƙulalle ba, wasu tarin tsakuwa ne da ke manne da juna sako-sako, kuma yadda za su amsa bugu ya bambanta.

Akwai wasu dabaru a takarda: kumbo ya yi shekaru yana tafiya kusa da dutse yana jansa a hankali da nauyinsa, ko a tayar da nukiliya a gefensa in lokaci ya ƙure, abin da yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta sa ya zama mai sarƙaƙiya. Dukkansu lokaci suke ci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa kuɗin da ya fi amfani shi ne na ido: sabon madubin Vera Rubin a Chile, da kumbon NEO Surveyor da ake shirin harbawa, wanda zai riƙa gano duwatsu ta zafin jikinsu, har da baƙaƙe da masu zuwa ta kusa da rana. Wasu suna cewa dala miliyan 300 da 'yan kai da aka kashe a DART da an zuba su a wani abin. Ban yarda ba. Wannan bala'i ne da in ya zo babu gyara, kuma kuɗin bai kai na gina babbar hanya guda ba.

Abin da ke damuna yana ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, sama da 3,200 a rana, wasu miliyan 20 zuwa 50 su jikkata. Tsakanin shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi titi kisa, ko cuta ko yaƙi. Kashi 92 cikin 100 na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma Afirka, mai ƙarancin motoci, ita ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Maganin wannan kuwa ba sabo ba ne.

Shekaru da dama tunanin kowa shi ne haɗari laifin direba ne, maganinsa wa'azi da tara. Wanda ya fara juya tunanin wani Ba'amurke ne, Hugh De Haven, da ya tsira daga karon jiragen sama a 1917 yana koyon tuƙi. A 1942 ya wallafa nazari a kan mutum takwas da suka faɗo daga tsayin mita 15 zuwa 45 suka rayu. Wannan ta faɗa a kan ƙasa mai laushi, wancan a kan rufin mota da ya lotsa. Ya gano jikin ɗan Adam yana jure bugu mai yawa in aka shimfiɗa shi a faɗin jiki aka kuma ja lokacinsa ko da ƙiftawar ido ne. Daga nan aka fahimci a kowane haɗari karo biyu ake yi. Na farko mota da abin da ta buga. Na biyu mutum da cikin motar, domin ita ta tsaya, shi bai tsaya ba. Na biyun ne ke kisa. Don haka ake ƙera gaban mota ya lotse da gangan ya shanye bugun, don haka kuma Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Bel yana rage yiwuwar mutuwar na cikin mota da kusan rabi.

Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A gudun 100, mita 39 ne. Yaro mai kilo 10 da uwa ta rungume a cinya, a karon gudun 50 yana iya fizgewa da ƙarfin kilo 300, buhun shinkafa shida. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take masa.

Ga wani lissafi da nake so kowane direba ya ji. Motoci biyu suna jere, ɗaya tana 100, ɗaya tana 120, sai saniya ta fito. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, ƙafa ta kai birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce. Mai 100 ya ci mita 42 bai taɓa birki ba, sannan yana bukatar kimanin mita 55 a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau. Ya tsaya a mita 97. A daidai wurin nan da ya tsaya cak, mai 120 yana kan gudun da ya haura 70. Abin da ya saya da wannan kasada minti goma ne a tafiyar kilomita 100. Bincike ya nuna duk ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗari mai kisa da kashi huɗu.

William Haddon, likita ne kuma shugaban farko na hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka a 1966, shi ya tsara abin yadda ake nazarin annoba: me za a yi kafin karo, lokacin karo, da bayansa, a kan mutum, a kan mota, a kan hanya. Suwidin ta kai tunanin ƙarshensa. A 1997 majalisarta ta amince da manufar cewa ba a yarda kowa ya mutu a titi ba. Hujjarsu ita ce ɗan Adam ajizi ne, zai yi gyangyaɗi, zai yi kuskuren auna tazara, kuma bai kamata hukuncin kuskure ya zama kisa ba. Saboda haka wanda ya zana hanya shi ma yana da alhaki. Suka ɗauki abin da jiki ke iya jurewa suka mai da shi ma'auni: inda mota ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa, 30, mahaɗar da za a iya bugun mota a gefe, 50, hanyar da za a iya yin gaba da gaba, 70. In ana son wuce haka sai an raba hannu biyu da shinge. Suka sa shingen waya a tsakiyar hanyoyin karkara, suka mai da mahaɗu shataletale, suka kuma riƙa bin diddigin kowane haɗarin da aka rasa rai a cikinsa. A 1997 mutum 541 suka mutu a titunansu. A 'yan shekarun nan ba ya kai rabin haka. A auna da namu: hanya ɗaya ba shinge, tirela tana tahowa, ƙaramar mota tana 130, sannan hanyar ta ratsa tsakiyar kasuwa ranar cinta.

Za a ce su masu kuɗi ne. Gana ba ta fi mu kuɗi ba. A mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi an shimfiɗa 'yan kunyoyin nan masu girgiza mota don a rage gudu, a kan kuɗin da bai kai dala 21,000 ba. Haɗurra suka ragu da kusan kashi 35, mace-mace da kusan kashi 55. Vietnam ta tilasta hular kwano a Disambar 2007 bayan dogon shiri, aka wayi gari kusan kowa yana sanye da ita. Najeriya ta gwada a Janairun 2009, aka ga wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙoƙo a ka don kauce wa kamu. Ba taurin kai kaɗai ba ne: hular ta yi tsada, tana da zafi, fasinja kuma yana ƙyamar sa wadda wani ya cire, wasu ma suna tsoron asiri. Dokar da ba ta amsa waɗannan ba takan mutu a hanya, kawunan da ya kamata ta kare su ci gaba da fashewa.

Na taɓa shiga wata Sharon daga tasha, mu biyu a kujerar gaba, bel ɗin ma an cusa shi bayan kujera. A baya akwai wata mai jego da jariri a cinya. Da muka fita gari na ga maleji ya haura 140. Na ce, "Malam direba, don Allah a ɗan sassauta." Kafin ya amsa wani matashi daga baya ya ce, "Haba Malam, in kwana bai ƙare ba ko ɗari biyu yake yi lafiya za mu sauka." Sai wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, amana ka ɗauko. Ka dubi jinjirin nan." Ya ɗaga ƙafa, ya ce, "To Baba, an daina." Da muka tsaya salla ya ja ni gefe. Ya ce ba son gudu yake ba: in bai juyo ya sami lodi na biyu ba, bayan mai da kuɗin tasha da na kan hanya, balas ɗin mai mota ba zai fita ba. Na yarda da shi. Muddin abincin direba yana rataye a kan yawan sawu, wa'azi ba zai sauke ƙafarsa daga totur ba, na'urar ƙayyade gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a 2017 ma zai nemi mai cire masa ita.

Maganar dattijuwar nan kuwa an auna irinta. A Kenya wasu masana biyu, James Habyarimana da William Jack, sun liƙa takardu a cikin motocin haya suna zuga fasinjoji su yi magana in direba yana ganganci. Da aka kwatanta da motocin da ba a liƙa wa ba, neman diyyar haɗari a wurin inshora ya ragu da rabi zuwa kashi biyu cikin uku a gwajin farko, a babban gwajin da ya biyo baya kuma da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. Takardar ta ba mai jin tsoro izinin buɗe baki.

Shi kuma matashin, maganarsa ce muke ji kullum: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma shi ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma ba a saukar da shi don ya rufe bincike ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kusan kowace babbar hanya tana da wurin da direbobi suka sa wa suna kwanar mutuwa. In wuri ɗaya ya ci mutane shekara da shekaru, akwai abin da ke wurin: kwanar ta yi tsini, ko gangara ta ɓoye mai tahowa, ko gada ta tsuke ba alama. Injiniya yana iya auna shi.

Sai dai injiniya yana bukatar alƙaluma, a nan muka fi rauni. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta ce mutum 5,421 suka mutu a titunan Najeriya a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta kiyasta kusan 40,000 a shekarar 2016, lokacin da alƙaluman gida ke cewa dubu biyar da 'yan kai. Ba wai wani ya ɓoye ba ne. Ma'aunin duniya yana ƙirga duk wanda ya mutu cikin kwana 30 bayan haɗari. Mu kuwa wanda ya rasu a hanyar ƙauye an yi masa sutura kafin la'asar, wanda aka kai wurin mai ɗori ya cika bayan mako babu takardar da ta san da shi. Masu duwatsun sama sun san adadin da suka gano, sun kuma kiyasta adadin da ya rage musu. Mu muna raba 'yan kuɗin gyara ba tare da taswirar inda ake mutuwa ba. Haɗa rajistar asibiti da ta 'yan sanda da ta jami'an kiyaye haɗurra, da rubuta daidai inda kowane haɗari ya faru, ya fi sayen sabbin motocin sintiri arha.

A Chelyabinsk wata malamar firamare da ta ga hasken ba ta san ko mene ne ba, amma ta umarci ɗalibanta 44 su shige ƙarƙashin tebura. Gilashi ya yanke ta, yaran ko ƙwarzane. Minti biyun da ke tsakanin haske da ƙara su suka raba wanda ya je taga da wanda ya sunkuya. Irin wannan tazara tana nan a titi. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya ta jihar Jigawa. Faɗuwar ba ita ta yi kisan ba. Mutane sun taru da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Ba na zargin wanda tsadar rayuwa ta tura bakin kwata da bokiti. Amma da yawa ba su san tururin fetur ya fi iska nauyi ba, yana bin ƙasa yana malala nesa da inda ido ke ganin man, tartsatsin salansar babur ko na janareta ya ishe shi. Wannan ilimi ne na minti biyar da ya kamata a ji daga bakin liman da mai unguwa da malamin makaranta a duk garin da tanka ke ratsawa.

Haka mintocin farko bayan karo. Mukan fizgo mutum ta hannu da ƙafa, wuya yana lilo, mu cusa shi a bayan a-kori-kura, wani ma a ɗura masa ruwa yana sume. Karayar wuyan da za ta warke sai ta zama shanyewar jiki. Akwai allura mai arha, tranexamic acid, da babban gwaji a ƙasashe 40 ya nuna tana rage mutuwa ta zubar jini in an yi ta cikin awa uku, gwargwadon saurin yin ta gwargwadon amfaninta. Akwai lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Amma kafin motar asibiti ta iso, wanda ke fara tsayawa direba ne ɗan'uwan direba. A Gana an lura da haka, aka koya wa direbobin haya fiye da 300 yadda ake buɗe hanyar numfashi, a danne jini da tsumma mai tsabta, a tallafe wuya, a ɗaure karaya da abin da ke kusa, kuma da aka bi sawunsu daga baya an tarar da yawa sun yi aiki da abin da suka koya a kan hanya. Kwas ɗin na 'yan sa'o'i ne. Kowace tasha a ƙasar nan tana da shugaba, tana da rumfa, tana da direbobin da ke zaune suna jiran layi ya zo kansu.